Ramin Gashin Inna

Jikata ce ta fama mini wannan tsohon miki, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Tun da likita ya ce jinina ya hau, suga kuma ya fara leƙowa, yarinyar nan ta ɗaura ɗamarar gyara mini baki. Ta kwashe dunƙulen ɗanɗano daga madafa ta kai wa maƙwabta, ta ɓoye kwalbar mai kamar kayan sata, ta hana ni ƙosan safe, abin da ko mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gigin yi ba. Sannan ta sa aka kawo wani akwatin ƙarfe daga Birnin Kebbi, mai aiki da gas, mai ƙofar gilashi, wai shi obin. A ciki take gasa mini kek ɗin garin dawa da dabino a madadin sukari. Rannan kuma ta yanyanka kabewa da dankali da albasa da tattasai, ta jera a faranti ta tura ciki. Da suka yi ja ta juye su a kan dafaffen zogale, ta barbaɗa ƙuli, ta matsa lemun tsami, ta dire a gabana tana wani ɗaga kai.

"Kaka, wanga shi na salak ɗin gasassun kayan lambu. Cikin waya nig gani. Sabon yayi na, masu kuɗi ka cin shi don lahiya."

"Sabo a gidan uban wa?" in ji ni. "Ke ɗiyag ga, ɗatu na kinka yi min. Abin da munka ci tun muna yawo tsirara, shi na kinka ishe cikin waya?"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Ɗatu dai shi ne abin da mutanen Kano suke kira kwaɗo, kuma babu 'yar ƙasar nan da za a koya wa shi. Amma da na kai hannu, ƙamshin gasasshiyar albasa da kabewa ya bugi hancina, sai dariyar ta ɗauke. Na ci, kuma ba zan yi wa yarinyar ƙarya ba, ya yi daɗi. Sai dai kowace loma da na haɗiya tana mayar da ni wani lambu da yanzu an gine shi da gidajen bulo.

A wani ƙauye kusa da Jiga Birni na tashi, a ƙasar Aliero, inda albasa ita ce uwa ita ce uba. Ba carar zakara ke tashe mu ba, kukan jigo ne, wannan dogon itace mai guga da ake jan ruwa da shi daga rijiyar lambu. Yana ƙiiƙ, yana ƙiiƙ, ruwa yana bin kwari zuwa fangali, mata kuma sun fara lugude a gidaje, jakuna suna amsa musu. Da an ciro albasa sai aikinmu na 'yan mata ya taso. Mu yanke lawashi, mu daka, mu dunƙula gabu mu shanya, har hannu ya yi kore, idanu su yi ja, ko ina ka je a san daga inda ka fito. Maza kuwa su shiga jera albasar a rudu, rumfunan kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa ƙasa don iska ta ratsa. Rudu shi ne arzikin gida duka, kuma busasshe ne ƙayau. Saboda haka babu abin da mutanenmu suke tsoro kamar tartsatsi. Yaro ya zagi babba a iya ba da haƙuri, amma ya wuce kusa da rudu da bakin wuta a hannu, ranar sai uwarsa ta kasa gane shi.

Abincinmu kuwa bai san mai ba. Man gyaɗa na Salla ne da na baƙon kunya. Sauran kwanaki hoce muke ci, ƙullun jar dawa da ya kwana ya yi tsami, a mulmula a gasa a kasko ba ko ɗigon mai, na yara a sa masa garin ɗorawa ya yi zaƙi. A gutsuttsura shi cikin ɗatun zogale ko na tafasa, a ci a kora da ruwan randa, mutum ya wuni yana jan jigo bai ji cikinsa ya yi kuka ba. Yanzu kuwa ina kallon tattaɓa kunnena, tun da safe taliyar leda, da rana soyayye, da yamma soyayye, a kora da lemun kwalba, yaro bai yi gemu ba ya yi tumbi. Jikata tana cewa a zamaninmu babu hawan jini. Ni ba zan rantse ba. Wataƙila akwai, mutum ya faɗi a gona mu ce iska ce ta buge shi. Abin da na sani shi ne tsofaffinmu suna mutuwa da haƙoransu a baki.

Sarkin abincin rani shi ne gashin rami. Ba a yin sa cikin gida, saboda danni da jinka da rudu. A can gefen lambu ake yi, nesa da duk abin da zai kama. A haƙa rami zuwa gwiwa, a ƙona itace a ciki har ya zama garwashi, a jera kabewa da dankali da gauta da albasar da fartanya ta sara wadda ba za ta ajiyu ba. Sai a gitta karan dawa a bakin ramin, a rufe da ƙasa. Matan garinmu kullum suna barin wata 'yar kafa a sama, suna kiranta hanci. Ta nan hayaƙi yake fita siriri, kuma wannan hayaƙin shi ne shaidar kowa. Babba da yaro, har jaki, duk wanda ya hango shi ya san da wuta a ƙasa, sai ya kauce. Ba a kafa alama, ba a sa ƙaya, don ba a taɓa bukata ba.

Innata ba 'yar garin ba ce. Daga Giwa Tazo aka auro ta, a ƙasar Maiyama, kuma har ta haife ni da yayana ba a daina kiranta Baƙuwa ba. A gidansu can, cikin gida ake gashin rami, a bayan ɗaki inda ba mai bi, kuma ba sa barin hanci. Laka suke kwaɓawa su shafe bakin ramin ruf, su lailaye da bayan ƙwarya, su watsa busasshen yashi a kai don kada rana ta tsaga lakar. Da ta zo garinmu sai ta bi mu wajen kai ramin gefen lambu, amma ta riƙe rufinta na gida. Kowace al'ada a inda take ba ta da illa. Haɗa su da ta yi ne ba wanda ya auna, har ita kanta. In ta gama rufi, ko ni da na taya ta haƙa sai na duba da kyau kafin in gane wurin.

Kuma wallahi gashinta ya fi na kowa. Takan yanke kan kabewa ta kwashe 'ya'yan, ta zuba garin gyaɗa da zuma, ta mayar da murfin. In aka buɗe ramin da la'asar, kabewar ta narke, albasa ta yi zaƙi kamar an jiƙa ta a ruwan rake, ba ɗacin hayaƙi ko kaɗan. Ta ɓare su da hannu suna turiri, ta juye kan zogale, ta zuba ƙuli da yaji da ruwan tsamiya. Matan unguwa su zo da 'yan ƙorensu suna tsiya suna lashe yatsa. Wata tsohuwa da lambunta yake kusa da namu ta sha gaya mata, "Baƙuwa, bar ma wuta hanci, mutane su san tana nan." Inna sai ta yi murmushi ta ce, "Gwaggo, tururin da yah hita, daɗi na yah hita." Ita ba mai gardama ba ce, amma a kan girkinta ba ta jin maganar kowa. Kuma tun da yawanci tana zaune kusa da ramin tana tsinkar ganye, shekaru suka yi ta wucewa ba abin da ya faru.

Yayana a lokacin saurayi ne, gemu bai gama fitowa ba, dogo, mai sanyin hali har ina yi masa gorin cewa ni ce namijin gidan. Ni kuwa na zama budurwa, ƙaƙƙarfa, bakina kuma tun a lokacin ba shi da linzami. Mu biyu kaɗai Inna ta raya, sauran duk sun koma tun suna goye.

A gabas da masallaci akwai wani gida na maza zalla, ƙarti, manoma, masu zafin kai. Autansu shi ne ɗan kokawar garinmu, kuma ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. In makaɗa suka taso da kirarinsa, har tsofaffi sai sun miƙe. Mu 'yan mata kuwa ba a magana, ni ma na yi masa guɗa ba sau ɗaya ba. Duk alfaharin gidan nan a kan ƙafafun yaron nan yake. Yana da al'adar gudu ba takalmi cikin yashin fadama da tsakar rana, wai don ƙafa ta yi tauri.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Jega ce. Maza sun ɗora albasa a kan jakuna sun tafi tun da sassafe, har da Babanmu, gari ya rage mata da tsofaffi. Yaya aka bari ya kula da rudu. Mazan gidan gabas su ma ba su je ba, don washegari za su raka autansu wata babbar kokawa a Katanga, suna ta shiri. Ni da Inna muka haƙa rami, muka jera kaya, ta shafe, ta lailaye, ta watsa yashi. Da rana ta take, muka gangara bakin rijiya don mu wanke zogale mu yi alwala. Ba nisa, ana hango wurin.

Ni na fara ganin ɗan kokawar. Ya taso daga fadama a guje, ƙirji a waje, ya yanko ta lambunmu don ya rage hanya. Na ga inda ya nufa, na buɗe baki, amma kafin sauti ya fita ya tsallake kunya ya dira da ƙafar dama da dukkan nauyinsa. Ƙasa ta burma. Ƙafar ta shige har ƙwauri, kara ya karye ya riƙe ta, laka mai zafi ta rufta a kai. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba, kuma ina roƙon Allah kada in ƙara ji. Muka ruga. Ni na kama hannu, Inna ta rungumi ƙugunsa, muka finciko shi. Fatar ƙafar ta saluɓe ta zauna a ramin kamar ɓawon gasasshiyar albasa. Inna tana salati tana kwara masa ruwan guga, shi kuma yana birgima cikin fangali yana cizon ƙasa. Mata suka taru, aka sa shi a tabarma aka yi gida da shi.

Inna ta zauna a bakin ramin ta ɗora hannu a ka. Na ce mu tafi gida mu kulle ƙofa. Ta ce ba inda za ta, wanda ya gudu ya amsa laifin da bai yi niyya ba. Yaya ya bar rudu ya zo ya tsaya kusa da ita.

Ba a jima ba muka ji mazan gidan gabas. Ba magana suke ba, gurnani ne. Suka keto lambun mutane suna tattake albasa, da sanduna, ɗaya da gatari, babban wansu a gaba, idanunsa kamar garwashin ramin.

"Ina mai ramin muguntag ga?"

Inna ta miƙe. "Ga ni. Ni nig gina shi. Tsautsayi na, wallahi ban yi don kowa ba. Ku yi haƙuri don Allah."

"Tsautsayi? Wa ka ruhe wuta ba hayaƙi in ba mugu ba? Mun san abin da anka aiko ki yi. Jajibirin Katanga? Yau kinka ga dama?"

Ya ɗaga sanda, sai kuma ya sauke. Ya juya ya dubi Yaya tun daga sama har ƙasa, kallon da mahauci yake yi wa rago. "Mu ba mu taɓa mace," in ji shi. "Ƙahwan namiji anka ɓata muna, ƙahwan namiji mu ka ɗauka. Ku kama min shi."

Yaya bai ko gudu ba. Sandar farko a gadon baya ta same shi, ta biyu a goshi, jini ya rufe masa ido. Suka yi masa rubdugu, duka ta ko'ina, yana kare kai da hannu har na ji ƙarar yatsansa ya karye. Ni ban san lokacin da na ɗauki ƙotar fartanya ba. Na zabga wa ɗaya a kunne, kunnen ya tsage, na kama damtsen wani da haƙori ban saki ba sai da na ji gishirin jini. Masu cewa ba sa taɓa mace, ɗayansu ya juyo ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya fita, ya kayar da ni ya danne wuyana da gwiwa, fuskata cikin yashi. Wani tsohon malami mai koyar da allo a unguwarmu ya iso yana dogara sanda, yana haki, yana cewa, "Ku ji tsoron Allah! Ku jira mai gari! Shari'a ba a hannunku take ba!" Aka bangaje shi ya faɗi cikin kwarin ruwa, rawaninsa ya warware. Mata suna ta kururuwa daga nesa, ba namijin da zai amsa.

Mai gatari ya fasa sauran rufin ramin, ya watsar da kabewa da dankali, ya tona garwashin, suka zuba kara da busasshen lawashi. Wuta ta tashi ta lafa, ramin ya yi ja wur. Suka jawo Yaya a ƙasa, biyu sun riƙe hannuwa, biyu sun kama ƙafar dama, yana turjewa da ɗayar, yana kiran Inna kamar ƙaramin yaro. Inna ta cire kallabinta ta shimfiɗa a gaban babban wan, ta durƙusa ta kama ƙafafunsa. Ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da Annabi, ta haɗa shi da nonon uwarsa. Ya fizge ƙafarsa ya taka kallabin ya wuce.

Daga inda nake a danne, ƙafafu kawai nake gani. Na ga na ƙartin nan suna tirza ƙasa. Na ga diddigen Yaya yana jan layi a yashi, saura kaɗan ya kai baki. Sai na ga ƙafafun Inna. Da sauran jan lalle a kansu na wani suna da aka yi a unguwa. Ba gudu suke ba, tafiya suke a hankali, irin wadda take yi in ta ɗauko tulu. Suka zagaya ta ɗaya gefen ramin suka tsaya. Na ji ta ce bismillahi. Ta sa ta dama, ta sa ta hagu.

Ƙarar da na ji ita ce ta ruwa in ya zuba a kasko mai zafi. Wanda ya danne ni ya saki wuyana. Na ɗaga kai na gan ta tsaye cikin ramin, ta tattare zaninta zuwa gwiwa, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, gumi yana zuba, amma ba ta yi ihu ba. Ta dubi babban wan ido cikin ido.

"Ramina na, ba nashi ba. Ga biyu madadin guda. Ta ishe ku? Ku sakam min ɗa."

Ba wanda ya motsa. Wari ya tashi, warin da ba na son in faɗi kamarsa. Hannuwan da suka riƙe Yaya suka saki da kansu. Ya yi tsalle da karyayyen yatsa da jini a ido, ya sure ta daga ramin kamar jaririya, ya ruga da ita bakin rijiya ya tsoma ƙafafun cikin kwarin ruwa. A nan ne ta yi ƙara, sau ɗaya, ta suma. Babban wan ya tsaya sanda a hannu, baki buɗe, sai ya juya gefe ya yi ta amai. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa, gatarin ma a nan suka bar shi.

Da Baba ya dawo daga Jega da yamma ya tarar da gida cike da mata, sai aka gaya masa abin da ya faru. Ya shiga ɗaki ya fito da adda. 'Yan'uwansa da suka dawo tare suka bi bayansa, ni kuma da kumburarren baki ina zuga su, don a ranar da an ba ni wuƙa da na yi aiki da ita. Inna tana kwance an ɗaga ƙafafun a kan turmi, ta farfaɗo. Ta kira shi da muryar da da kyar ake ji.

"Malam, in ka hita ƙohwag ga da addag ga, wutad da nish shiga ta zama banza. Gobe su dawo su ɗauki ɗana. Aje ta."

Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Daga baya ya jefar da addar, ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban mata, abin da ban taɓa gani ba. Mai gari ya tara dattawa washegari, aka yi faɗa, aka yi nasiha, aka ce jini ya biya jini, kowa ya bar wa Allah. Ni dai ban bari ba. Babban wan nan ya tsufa a garin, ya yi furfura, ya riƙe tasbaha, ya sha aiko da gaisuwa, amma har ya mutu ban amsa sallamarsa ba, kuma ko yau ban ji na yi nadama ba. Autan nasu kuwa ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Bai aiki kowa ba, yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ya warke da ɗingishi, bai ƙara shiga fage ba, daga baya ya bar garin.

Yanzu in yaro ya ƙone da ruwan shayi sai a ɗauko babur a yi asibiti. A lokacin zuma ce da man kaɗanya da gashin kaza na shafawa, sai addu'a. Ni nake wanke mikin, Yaya yake riƙe ta. Damina ta zo ta wuce kafin ya rufe. Da ya rufe, yatsun sun manne wuri ɗaya, tafin ya ƙanƙance, ba ya ɗaukar nauyi. A cikin ɗaki da tsakar gida da gwiwa take yawo, ta ɗaura tsumma. Ko da wasa ba ta yarda a ce mata sannu da wannan fuskar ta tausayi ba, sai ta ce, "Ƙahwa ta ƙone, ba baki ba, mi ab abin kallo?" Kuma ba ta bar gashin rami ba. Tana zaune tana ba ni umarni, ni ina haƙa. Sai dai tun daga ranar, ita da kanta take soka kara a tsakiyar lakar ta buɗe hanci, ta zauna tana kallon hayaƙin har a buɗe. Gashin bai ƙara yin daɗin da ba, ita ma ta sani, ba ta taɓa faɗa ba.

Duk inda ya wuce ƙofar gida kuwa, a bayan Yaya take zuwa. Ba wanda ya sa shi. Da safe ya goya ta zuwa lambu ya ajiye ta a inuwa, da yamma ya goyo ta gida. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, ko'ina sai ka hango dogon mutumin nan da tsohuwa a baya tana yi masa faɗan ya cika sauri. Da mahaifinta ya rasu, jaki aka kawo, ta ce sirdin yana gurza mata tabo, ya sauke ta ya goya, haka suka yi ta yi har Giwa Tazo. Samari sun yi masa dariya da farko, suna ce masa jakin Baƙuwa, bai taɓa tankawa ba. Abokansa suka tafi cirani kudu suka dawo da rediyo da keke, shi bai taɓa kwana a wani gari ba tare da ita ba. Da ya tashi aure, abin da ya fara gaya wa dangin matar shi ne yana da goyo, kuma ba ya yaye shi. Ya haifi 'ya'ya, ya aurar, gemunsa ya yi fari, bayansa ya fara ranƙwafawa, 'ya'yansa ƙarti suka ce Baba bari mu karɓe ka. Ya ce su je su nemi tasu uwar.

Ta rasu da tsufa sosai, cikin damina, da hantsi, tana cikin tsinkar zogale. Mu muka yi mata wanka. Da na zo kan ƙafafun na daɗe ina zuba ruwa, har wata gwaggo ta taɓa ni ta ce ya isa. Aka sa ta a makara, aka yi mata salla a ƙofar gida, mu mata muna leƙe ta kafar danni.

Kowa ya san yadda ake ɗaukar makara a wurinmu. Ba mai riƙewa ya daɗe. Ka ɗan taka kaɗan, wani ya dafa kafaɗarka, ka ba shi wuri, don kowa ya sami lada. Yaya ya kama kusurwar gaba ta dama. Ba su yi nisa ba wani ya dafa shi, bai saki ba. Wani ya sake dafawa, ya yi kamar bai ji ba. Ga laka, ga tsufa. Liman da kansa ya matso ya ce masa ya bar wa jama'a su ma su samu. Jerin ya tsaya cik, har mu da ke bayan danni muka ji amsarsa.

"Ga sauran kusurwa nan, ku kama. Ƙahwag ga da ni ka takawa tata ta, aro tab ba ni. Ku bari ta kai ta makwancinta."

Liman ya ja da baya, aka ci gaba da tafiya. Mijina ya gaya mini cewa bai sauke ba sai a bakin kabari.